Wa Ka Ba Kalmar Sirrina?

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Ya tumbinka?

Lafiyata ƙalau, sai dai yau takarda ka samu maimakon imel. Maigidanmu na da na'urar imel tasa a bayan shago, kuma ya cire ni daga masu aikawa da saƙo. Ta akwatina aka tura wa kwastomominsa tallar maganin sanƙo, ga shi mai sanƙo ne. Na rantse ba ni ba ne, amma ya san halina.

Kai kaɗai na ba kalmar sirrina, don ka riƙa karanta min boko. In ramuwar ƙadangaren da na sa maka a takalmi ce, ta isa haka, aikina na lilo. Kada Inna ta ji.

Allah ya bar zumunci, amma na canza kalmar.

Ƙaninka