Ƙofar Motar Laoban Chen

Litinin, 4 Nuwamba 2024
Kai kayan Yaya Alhasan kago, wurin masu aika kaya gida, a unguwar Baiyun.
Daga nan unguwar Panyu, duba jakunkuna. Na ɓata hanya, na faɗa wani gareji. A ciki wata doguwar mota ce mai ruwan madara, rufinta na tamfol an naɗe shi baya. Mai garejin, wani dattijo, Laoban Chen, wato Maigida Chen a yarensu, ya ce ta girmi yaƙin duniya na biyu. Na daɗe a tsaye kamar wawa.

Laraba, 6 Nuwamba
Na koma garejin, ba ni da wani dalili. Waya ke mana tafinta. Ashe a Turai, a wancan zamani, shasi da inji kawai attajiri ke saya, ya kai wa masu sana'a su gina masa bodi yadda ransa ke so. Firam na katako, a bubbuga alminiyon a kai da guduma. Babu biyu masu kama ɗaya.
Aikin Baba ke nan, Allah ya jiƙansa. Bodin katako na manyan motoci a Kano. Ƙamshin ma ɗaya.

Asabar, 9 Nuwamba
Firam ɗin ƙofar hagu ya ruɓe. Na tambayi Laoban ko akwai mai yi masa sabo. "Meiyou." Babu. Bakina ya riga ni, na ce zan iya. Ya kalli hannuna, ya miƙo katako. Sau ɗaya zai gwada ni.
Rabona da zarto tun ina saurayi. Me ya kai ni?

Lahadi, 10 Nuwamba
A jirgin ƙasa na yi ta ganina a cikin motar, rufi a buɗe, hanyar Wudil bayan ruwan sama, matata Zulaiha na riƙe mayafi kada iska ta ɗauke. Na wuce tashata.

Alhamis, 14 Nuwamba
Na gama. Na yi shi yadda Baba ya koya mini: katako mai kauri, kowace kusurwa da ƙarin tokari. Da aka ɗaura, ƙofar ta rinjaya ƙasa don nauyi, ta ƙi rufuwa. Laoban ya yi dariya har da tari. Waya ta fassara: "Shanu nawa za ta ɗauka?"
Yaya ya kira. "Abdulgani, kago muka tura ka ko kafinta?" Na ce ana nan ana ƙoƙari, Yaya.
Ba zan koma garejin ba.

Asabar, 16 Nuwamba
Na je garejin ɗaukar hulata da na manta kawai. Laoban bai jefar da firam ɗin ba. Ya zana masa layi da alli, duk inda za a rage. Ya shafa mahaɗar kusurwa da yatsa, ya gyaɗa kai, ya ajiye magagari a gabana, ya tafi shan shayinsa.
Na ɗauki magagarin. Na ɗan rage gefe ɗaya, don kada a ce na yi fushi.

Gobe:
Roƙon abokina Souleymane ya riƙe mini aikin kago zuwa Juma'a.
Samfefa mai laushi.
Kiran Yaya. Ko jibi.
Rage gefen sama na ƙofa, kafin a gwada.