Ƙyallen Kore a Hannun Baba

Samaru, Zariya
Talata

Abban Raihana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman tsakiyar teku? Tunda waya ba ta shiga wurinku, na ba abokin aikinka Augustine wannan takarda.

Kada hankalinka ya tashi, amma Baba yana asibiti. Jiya da hantsi santsi ya kwashe shi a bakin famfo wajen alwala, ƙeyarsa ta bugi siminti. Inna ta tafi suna a unguwar Hanwa, don haka ni na sa shi a Keke zuwa wani asibiti a Sabon Gari. Muka tarar an yi hatsari a Dogarawa, ɗakin gaggawa ya cika, jini har bakin ƙofa. Wata nas, Sista Bukola, ita ke tantance mutane tana ɗaura musu ƙyalle a hannu: ja a shiga da kai nan take, kore ka jira. Ka san mahaifinka da son nuna ƙarfi. Ya gyara hula, ya yi mata Turancinsa na tsohon hedimasta har ta yi dariya. Ta ɗaura masa kore.

Wajen la'asar ya sulale daga benci. Hoton kai ya nuna jini ya taru a ciki, an yi masa aiki. Ka yi ta addu'a.

Matarka,
Zubaidatu

Samaru
Juma'a

Abban Raihana,

Bayan gaisuwa, ina fatan takardata ta same ka lafiya. Baba bai farka ba. Ni kuma na kasa cin abinci, domin rabin labari na ba ka.

Da ya faɗi, suma ya yi, sai da na yayyafa masa ruwa. A Keke ya yi amai sau biyu. Kuma maganin tsinka jini da yake sha saboda zuciyarsa, ni nake miƙa masa kullum da safe. Waɗannan abubuwa uku su Bukola ta tambaye shi, ɗaya bayan ɗaya, duk ya ce babu. Ta juyo ta tambaye ni ko haka ne. Baba ya dube ni. Shekara tara ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, yau ne zan ƙaryata shi a bainar jama'a? Na sunkuyar da kai na ce haka ne.

Awa biyar muna kan bencin nan. Na ga yana lumshe ido, na ga bakinsa ya ɗan karkace, na ce wa kaina gajiya ce. Sau uku ina miƙewa zan je wurin Bukola, in tsaya gyaran mayafi, in koma in zauna. Likita ya ce tsoho mai shan wannan magani ba a barinsa layi ko da yana raha, jinin a hankali yake tsiyaya. Wallahi haushin Baba nake ji, ina kuma jin kunyar jin haushin.

Ka nemi hutu, don Allah.

Zubaidatu

Samaru
Litinin

Abban Raihana,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ofishinku sun ce sun sanar da kai. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. An kai shi Asabar bayan azahar, mutane kamar ranar kasuwa.

Jiya Bukola ta zo gaisuwa, ta rufe kanta da gyalen aro. Ta riƙe hannuna tana kuka, wai laifinta ne da ba ta cire masa hula ta duba ba. Har yanzu ba ta san cewa na san gaskiya na ɓoye mata ba. Na ba ta ruwa, na raka ta bakin titi.

Kai kaɗai na gaya wa. In ka dawo, duk hukuncin da ka yanke na ɗauka, amma ka faɗa mini yadda zan yi da Inna. Tana kan tabarmar takaba, duk wadda ta shigo sai ta nuna ni ta ce ga wadda ta tsaya wa Malam har ƙarshe, ba ta taɓa musa masa ko sau ɗaya ba. Su yi ta sa mini albarka, ni kuma ina durƙushe ina cewa amin.

Taka,
Zubaidatu