Jar Safar Hannu a Ƙofar Mama

Luleå, 3 ga Oktoba, 1996

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya gwiwar? Mu nan lafiya lau, maigidana Göran yana gaishe ki.

Na ga takardarki. Kin ce garinmu zai sa sunanki a sashen yara na ɗakin karatu, kina so in tsaya gefenki a matsayin Malva ta gaske.

Mama, Malvar littattafanki tana da uwa mai gasa biredin kirfa, mai amsawa da zarar an kira ta. Tawa uwar jar safar hannu gare ta. In ta rataye ta a mariƙin ƙofa, rubutu take, ba mai ƙwanƙwasawa. Kin tuna ranar da ƙanƙarar tafki ta rufta da ni, ina 'yar shekara takwas? Na rarrafo gida jiƙe sharkaf, na zauna bakin ƙofarki haƙorana na kaɗawa, ina jin ƙarar tafireta har ƙarfe huɗu. Da kika fito cewa kika yi, "Ke kuma bakinki ciwo yake?" Da kika koma rubuta littattafan kisan kai, sai ga yarinyar nan a shafin farko, a jiƙe, a bakin ƙofa. Sai dai ita kin kashe ta. Har lambar yabo aka ba ki.

Duk da haka zan zo.

'Yarki,
Solveig

Luleå, 21 ga Oktoba

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan gajiyar biki ta bi lafiya.

Kin ce na kunyata ki, kujerata ta wuni ba kowa. To, na zo. Na iso gidanki da safen ranar riƙe da furanni, na hau matakala, na tarar da safar a rataye. Shekarata arba'in da shida, ma'aikatan jinya talatin ke ƙarƙashina, amma hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Ina saukowa maƙwabcinki Birger, yana sharar ganye, ya ce, "A'a, Solveig ce? Kai, yarinya, har da furfura! Safar ce ta koro ki? Tun bara take nan, ruwa da rana. Idon tsohuwar ya tafi, ko sunanta ba ta iya karantawa. Ratayewa take don mu ɗauka aiki take, mu kuma muna yi mata kara. Wasiƙunku ma matata Gunnel ke rubutawa, ita ke karanta mata."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na koma tashar jirgin ƙasa. Shekara guda kina cikin duhu, maƙwabta sun sani, ni ban isa in sani ba.

Gunnel, don Allah karanta mata nan a hankali. Mama, zan dawo ranar Asabar da kayana, in zauna in kula da ke. Abu ɗaya nake roƙo: ki cire safar da hannunki, kada Birger ya cire miki. In na gan ta ba zan ƙwanƙwasa ba. Ke kika koya mini.

'Yarki,
Solveig

Tashar jirgi, 26 ga Oktoba

Göran nawa,

Ina fatan kana lafiya, kana kuma shan maganinka.

Kada ka aiko da sauran kayan. Safar tana nan. Gunnel ta ce sau biyu ta karanta mata wasiƙar, Mama ta ce rubutuna ya yi kyau, amma ƙarshen yana son gyara.

Na tsaya a bakin ƙofar kusan awa guda. Ita ma tana tsaye daga ciki, ina jin numfashinta. Na ji ta kama mariƙin, sannan ta saki.

Zan kwana biyu wajen ƙanwarka a hanya. Ka zo tasha ranar Litinin da yamma.

Matarka,
Solveig