Fuskar Inna da Ta Ɓare

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Autanki ne. Na zo in faɗa miki ɓarnar da na yi, tun da kin saba ji daga bakina kafin maƙwabta su kawo miki.

Hotonki ya lalace, Inna. Wanda na zana a shekarar 'yancin kai, kina zaune gaban turmin ƙuli-ƙulinki a gidanmu na Birni.

Kin tuna yadda na sha fama kafin ki yarda? Kika ce ke ba matar Bature kumandan ba ce da za a rataye ki a bango. Da na matsa, kika ba ni iyakar lokacin da gyaɗa za ta huce, ba ƙari.

Na riga na shafe allon duka da fentin mai: katanga, turmi, zanenki mai rinin baba. Shi kuwa fentin mai sai ya yi kwanaki bai bushe ba, ke kuma tarin nan ya fara cin jikinki. Tsoro ya kama ni. Sai na ɗauko sabon fentin da malamin lakwal ɗinmu, makarantar boko, ya kawo mini daga Faransa, akirilik, wanda ake damawa da ruwa ya bushe nan take. Da shi na ɗora fuskarki a kan na mai, ina jin kaina gwani.

Kika leƙo, kika tambaye ni wane fenti ne a ƙasa. Na gaya miki. Kika taɓe baki kika ce, "Auta, shekara talatin ina matsar gyaɗa, ban taɓa ganin mai ya yarda ruwa ya hau kansa ba." Na yi dariya, na ce wannan ilimin Nasara ne, ba na madafa ba.

Wata bakwai bayan mun kai ki makwanci, goshinki na jikin hoton ya fara tsagewa. Sai kumatu. Ran Juma'ar da ta wuce na taɓa shi da yatsa, fuskar ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa soyayyiya. Turmi na nan, zane na nan, ke ce kawai babu. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, kamanninki sun fara guje mini. Muryarki tana kunnena, amma in na rufe ido sai in rasa yadda hancinki yake.

Shi ya sa ba zan jira ba. Na sami sabon allo. Na shimfiɗa akirilik a ƙasa, siriri, ya bushe sarai. Fuskarki da mai zan yi ta, a sama, ko za ta ci wata uku. Na hau mota zuwa Mirriya na roƙi Yaya Zainabu, tun da ita ta ɗauko idonki da haɓarki. Ta ce za ta zauna, amma iyakar lokacin da tuwonta zai huce. 'Yarki ce dai.

Tsage-tsagen gado na kumatunki kuwa ni zan sa da hannuna, don har yanzu ina iya ƙirga su.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya haɗa mu inda fuska ba ta ɓarewa.

Kin yi gaskiya, Inna. Wannan karon mai ne a sama.

Naki,
Auta