Ƙofofin da Ke Cikin Zuciyata

Fagge, Kano.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Yakaka, a Maiduguri.

Assalamu alaikum. Yau Alhamis, na tashi jiki babu ƙarfi, ƙirjin nan kuma ya hana ni zama wuri guda. Ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Mu nan sai godiya.

Yakaka, ke ba zan ɓoye miki ba. Zuciyata ta koma bugawa barkatai, ta yi ta sauri, can kuma ta yi tsit har sai na dafa bango. Na je wurin Dakta Nwabueze a Sabon Gari. Ya zana mini a takarda, ya ce naman zuciya ƙananan ƙwayoyi ne birjik, kowace ta riƙe maƙwabciyarta gam, kuma akwai 'yan ƙofofi a tsakaninsu. Da ɗaya ta motsa, sai saƙo ya bi ta ƙofa ya tada ta gaba, nan take duka su matse tare, jini ya tafi. Na ce masa ai haka 'yan dako suke sauke dilolin atamfa a Kantin Kwari, hannu zuwa hannu. Ya yi dariya, ya ce a nawa layin wasu sun tsufa sun daina miƙawa. Sai an sa mini wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata. Ranar Alhamis kaɗai suke yin aikin, kuma ba zai taɓa ni ba sai wani nawa ya zo ya zauna da ni.

Na aika wa Bahauddeen, ɗan marigayi yayanmu, ya ce yau zai zo ya kai ni. Jiya ya bugo waya yana tambayar jiki. Kin san tarbiyyar gidanmu: kafin in yi tunani bakina ya ce lafiya lau, da sauƙi ƙwarai. Ya ce madalla, ya kashe. Tun asuba na sa hula na shirya, ina ta kai da kawo tsakanin tabarma da ƙofar gida. In kira shi in ce ba haka ba ne? Nauyi nake ji. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don Allah ki kira shi, ki faɗa masa abin da bakina ya kasa, kafin wata Alhamis ɗin. Ke ce ƙofar da ta rage tsakanina da shi.

Ki gaishe mini da Kamila da Sadisu da ƙaramin mijinki Khalifa.

Yayanki,
Goni.

Ga shi an kira la'asar. Bahauddeen bai zo ba. Har yanzu ban cire hula ba.