Gayyar da Na Tura Nura

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya ƙarfin jiki, ya ƙafar taka? Ya Hajiya da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Gwiwa damina ta yi kyau, alhamdulillahi.

Maganar Nura na wajena ce. Wata bakwai da dawowarsa daga asibiti bai taɓa ƙwaya ba. Ranar Asabar aka yi gayyar noma a gonar maƙwabcinmu. Ni da kaina na miƙa masa fartanya, na ce aiki zai ɗauke masa hankali. Ashe samarin sun narka ƙwaya a kunun da aka kai gona, wai don kada su gaji. Kowa ya sha.

Da la'asar ya shigo yana ta surutu, ido jawur. Uwarsa ta dube shi kawai, ta shige ɗaki. Yau kwana huɗu ke nan ba mu gan shi ba.

Yaya, na gaji. Na raba shi da tasha, na raba shi da kasuwa. Yaron ƙauye kuma, a raba shi da gona ya je ina?

Ku sa mu a addu'a. A gaida Hajiya da yara. Fartanyar tana nan jingine a zaure, na kasa ɗauke ta.

Ƙaninka,
Haruna