Shafi na Arba'in da Ɗaya

Zuwa ga Sarkin Gardama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Kada ki yi wa rubutun nan dariya don kin ga baƙaƙen manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Ido ne ya kai ni nan. Na dama ya tafi tun bara, na hagu kuma yana haɗa kayansa.

To, albishirinki. Haƙata ta cimma ruwa. Aikin da kika bar ni a kansa lokacin da kika gudu daga jami'a kika koma koyar da 'yan sakandare, na gama shi, bayan shekara goma sha tara.

Na san yaran nan sun cinye miki kai, bari in tuna miki. Ranar farko da kika shiga ajina na ɗaga littafi, na kifa shi gaba sannan na juya shi dama. Na mayar da shi yadda yake, na fara da dama sannan gaba, sai ya tsaya daban. Ke ce kika ɗaga hannu kika ce rufa-ido na yi muku. Wannan bambancin da ke fitowa idan an sauya wanda ya riga wani, shi ne ran aljabarar juyi. Abin da na yi ta nema shi ne hanya guda da za a bi a ba kowane juyi ɗan ƙaramin jadawalinsa na lambobi, yadda idan aka ninka na wannan da na wancan, aka sauya tsari aka sake ninkawa aka debe, jadawalin bambancinsu zai fito. Sharaɗin kuma shi ne kada ko ɗaya ya ɓace ya zama sifili zalla.

Mabuɗin yana shafi na arba'in da ɗaya. A layin ganin likitan ido ya zo mini, har na manta an kira lambata.

Ga aikin nan gaba ɗaya a cikin ambulan, shafuka casa'in da shida. Kin san dokata, ba a yarda da hujja sai hannu ya ninka. Ki zauna da fensir ki bi shi layi-layi. Ba zan aika wa kowace mujalla ba sai kin ce na'am, domin sauran ɗalibaina duk 'yan amshin shata ne, ko tari na yi sai su ce ya yi ma'ana. Kada ki kira ni a waya, ba a lissafi da baki.

Ki huta lafiya.
Malaminki.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ni ce autar Malam, wadda take leƙo ku ta taga lokacin da kike zuwa gida karatu. Ina fatan kowa lafiya a wajenki.

Yau sati shida ke nan da Baba ya aiko miki da takardunsa, shiru. Bai san na rubuto ba. Idon hagun ya rufe gaba ɗaya sati uku da suka wuce. Ciwon sugan da yake fama da shi kuma ya taɓa ƙoda, yanzu sau biyu a sati muke zuwa wankin ƙoda. Na rufe shagon ɗinkina na dawo gida gaba ɗaya.

Kullum da safe sai ya sa na zaunar da shi a teburinsa, fuska ta kalli ƙofa, hannunsa a kan kwafin takardun. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai ya ce in duba ko mai kawo wasiƙa ne. Abinci ba ya shiga sai in na ja shi da hirar aikin, ni da ban san kansa ba balle gindinsa. In na ce me zai faru idan an buga shi, sai ya gyara zama ya yi ta bayani, ni kuma ina tura masa cokali.

Ranar Talata likita ya ja ni gefe. Ya ce maganar watanni ake yi, kuma ba masu yawa ba.

Yaya, ban san abin da kika gani a takardun nan ba, amma shirunki ya fara ba ni tsoro. Ina roƙonki don Allah, ko mene ne, ki rubuto ki ce daidai ne. Ni ke karanta masa wasiƙa, babu wanda zai sani sai ni da ke. Ba shi da wani abin da ya rage yana jira a duniya sai wannan.

Ki gaida mutanen gida.
Ƙanwarki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, na karanta a ɗakin malamai, na kasa shiga aji na gaba. Allah ya ba Malam sauƙi, ke kuma ya saka miki.

Tsoronki gaskiya ne. A rana ta huɗu na ga matsalar. Sauran kwanakin duk gyara nake nema, kowane hutun darasi ina kan bencin baya da fensir, har abokan aikina suna tsokanata wai jarrabawa zan sake zama. Na bi ta sama, na bi ta ƙasa, bai gyaru ba. A ɗinkinku, kamar a ce an yanka yadin ba daidai ba tun farko, duk kyan ɗinkin da ya biyo baya ba zai sa rigar ta shiga ba.

Haushi nake ji, Auta, kuma ban san wanda zan ji haushinsa ba. Wannan kuskure ne da Malam na da zai kama a minti goma, ya kuma yi wa mai shi tsiya har ƙarshen zango. Ni kaina ya taɓa mayar mini da aikin wata uku saboda na ce abu a bayyane yake ban ninka ba. Ya rubuta a gefe da jan biro, a bayyane ga wa?

Gaba kura, baya sayaki. In na faɗa masa, na ƙwace abin da ke sa shi cin abinci. In na ɓoye, na ci amanar abin da ya koya mini. Ke ce kike ɗauke da shi, ke kike ganin abin da ba na gani, don haka na bi maganarki. Ga 'yar takarda nan a haɗe, ki karanta masa. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yau, kuma na ji ƙyamar hannuna da na gama.

Yayarki.

*

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da neman afuwar jinkiri, ayyukan makaranta ne suka yi yawa. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na karanta aikin daga farko har ƙarshe. Komai daidai ne, ban ga abin gyara ba. Ina taya ka murna, Allah ya sa ya amfani na baya.

Ɗalibarka.

*

Sarkin Gardama,

Wa alaikumus salam. Auta ke rubutawa ina faɗa mata, na kuma gargaɗe ta in ta sauya kalma ɗaya Allah na ganinta.

An karanta mini takardarki. Layi biyar. Shafi casa'in da shida, kuma babu gardama ko ɗaya? Ke da kika tsayar da ni sati biyu a kan alamar debewa guda? Ke da ko sannu aka ce miki sai kin tambayi hujja? Tun da na san ki ba ki taɓa cewa komai daidai ne ba, ko a aikin da yake daidai. Ga kuma muryar mai karatun tana rawa kamar an kama ta da hannu a tukunya.

Na yi murna na kamar minti biyu, ba zan ɓoye miki ba. Har na ce a kawo mini shayi. Kafin ya iso na gane.

Ido na rasa, hankalina na nan. Abin da ya fi mini ciwo shi ne kun haɗa baki kun mayar da ni yaron da ake lallashi. Duk wanda ya zo dubiya ƙarya yake mini, ya ce na yi kyan gani, ya ce likitoci sun ce da sauƙi. Ke kaɗai na ware na ce wannan ba za ta yi ba.

Ki gaya mini shafin. Ki ba ni misalin da ya karya shi, mafi ƙanƙanta, wanda Auta za ta iya ninkawa ina saurare.

Malaminki.

Yaya, ni ce Auta. Wallahi na yi ƙoƙari, muryar ce ta ci amanata. Har yanzu za ki iya cewa ƙaramin abu ne.

*

Malam,

Assalamu alaikum. Na yi laifi, ka yafe mini. Auta ba ta da laifi, tausayi ne.

Shafi na arba'in da ɗaya ne, layi na tara.

Ka ɗauki aljabara mai abu uku, A da B da C. Bambancin A da B shi ne C. Shi kuwa C ba ya saɓawa da kowa, ko ya riga ko ya biyo baya duk ɗaya ne. A layi na tara ka ce duk irin waɗannan marasa saɓani za a ware su gefe, a ba su kusurwarsu a jadawali, domin zaman kansu suke yi. A nan C ba zaman kansa yake yi ba, daga A da B ya fito. Babban ɓangaren jadawalin, wanda ke auna yadda kowanne ke motsa sauran, yana ba shi sifili saboda ba ya motsa kowa. Kusurwar ma dole ta ba shi sifili, saboda a cikinta A da B ba su da bambanci. Ya ɓace ke nan ta ko'ina.

Na rubuta jadawalin A da na B a bayan takardar nan, da manyan lambobi. Auta ta ninka A da B, ta ninka B da A, ta debe.

Na nemi gyara sati biyar, Malam. Duk inda na toshe sai ya ɓulle ta wani wurin. Shafi arba'in na farko lafiyarsu lau, amma duk shimfiɗa ce ta zuwa wannan layin, na bayansa kuma a kansa suke tsaye. Ban ga abin da za a ceto ba. Da akwai, da na faɗa, da gudu.

Ban taɓa baƙin cikin cin gardama ba sai wannan karon.

Ɗalibarka.

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Auta ta ninka sau uku ina bin ta lamba-lamba. Sifili ne duka.

Misalai biyu kawai na gwada layin nan da su, waɗanda na haddace tun ina saurayi, domin ido ya riga ya daina ganin ƙananan lambobi, ni kuma na ji kunyar in ce wani ya ninka mini sabo. A cikinsu babu mai irin C ɗinki.

Kin yi daidai. Kada ki ƙara ɓata lokacinki wajen neman gyara, kada kuma ki rubuto ki ba ni haƙuri. Na ce wa Auta ta fitar da teburin, gado ya fi buƙatar wurin.

Direban da ke kai mu asibiti zai kawo miki kwali bakwai ranar Asabar, takardun aikin ne tun daga farkonsa. A gefe ɗaya kawai nake rubutu, bayansu fari ne. Ki raba wa ɗalibanki su riƙa gwajin lissafi a kai.

Allah ya yi miki albarka.
Malaminki.